Tallafin ɗaliban digirin farko a jami'o'in Katolika na Amurka: bincike ne na gaske?

Dauda: Salama 'yan'uwa. Tun da Istifanus ya sa maganar tsarin nan na Sorin Fellows a wannan zaure, mutane suke ta bina da tambaya a keɓe, don sun san ina zaune a Amurka. Gara in amsa a nan kowa ya gani. Wannan abu ba kuɗin makaranta ba ne, kuma ba hanyar samun biza ba ce. Sai wanda ya riga ya samu gurbin karatu a Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiyana yake nema. Wata cibiya ce a cikin jami'ar take gudanar da shi, cibiyar de Nicola, wadda aka kafa a 1999 don nazarin ɗa'a da al'ada bisa koyarwar Katolika. Sunan Sorin kuwa na Fada Edward Sorin ne, Bafaranshen da ya kafa jami'ar a 1842. Ɗalibin da aka ɗauka yana ci gaba da kwas ɗinsa, ko likitanci yake nufa ko injiniya ko lissafi. Abin da ake ƙara masa shi ne zaman karatu da tattaunawa, cin abincin dare tare da farfesoshi, halartar babban taron da cibiyar ke yi kowace shekara, da ɗan kuɗi idan yana son yin bincike ko koyon aiki lokacin hutu.

Mama Ladi: Af! To Dauda ɗana, ai ka kashe mana jiki. Ni har na fara lissafin jikokina.

Dauda: Mama, kada jiki ya mutu gaba ɗaya. A 2024 jami'ar ta sanar cewa ba za ta riƙa duba aljihun iyaye ba wajen ɗaukar ɗalibi, har da waɗanda suka fito daga ƙasashen waje. Amma shigar ce da wuya, sai yaron da ya yi zarra sosai. Wannan wata magana ce daban.

Istifanus: Na gode Yaya Dauda. Ni dama ba tafiyar ce ta ja hankalina ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce ɗan aji biyu a fannin kimiyya yana da wurin da zai zauna da malami su karanta Agustin ko Toma Akwinas, manyan malaman Ikilisiya na da, ya yi tambaya a ba shi amsa. Mu a nan ina aji uku, ina cikin ƙungiyar ɗaliban Katolika tun ranar da na shigo, amma abin da muke yi bai wuce kwaya, Rosari, shara a coci da neman kuɗin bas ba. Duk suna da kyau. Sai dai ranar da wani lakcara ya tsaya a gaban aji ya ce duk mai hankali ya san addini tatsuniya ce, babu ɗayanmu da ya iya buɗe baki. Abin da muka sani game da bangaskiyarmu shi ne abin da muka haddace kafin karɓar Jibi na farko.

Bitrus: Ku bar ni in ɓata muku rai kaɗan. Sun ce bincike, ko? Binciken da aka riga aka san inda zai tsaya, me ya sa za a kira shi bincike? Akuya ce a turke, igiyar ce dai aka tsawaita mata. Za ta zaga, ta ci ciyawa, ta ji kamar a sake take, amma turken na nan. Ɗalibi ya karanta duk abin da zai karanta, idan ya zo ya ce shi bai gamsu da matsayin Ikilisiya a kan abu kaza ba, kuna ganin za a ƙara gayyatarsa cin abinci gidan farfesa?

Rifkatu: Yaya Bitrus an iso. Dama na san ba za a gama ba sai ka zo.

Bitrus: Ƙanwata, ni ɗan Katolika ne, ban fasa zuwa Mas ba. Tambaya na yi.

Fada Yakubu: Tambaya ce mai kyau Bitrus, kuma ba yau aka fara yin ta ba. Amma in tambaye ka, ka taɓa buɗe Summa, babban littafin tauhidi na Waliyyi Toma Akwinas, ka ga yadda aka tsara ta? Kowace mas'ala da tambaya take farawa. Daga nan sai ya jero hujjojin waɗanda suka saɓa masa, kuma ba ya raunana su, yana kawo su da ƙarfinsu. Sai ya faɗi nasa matsayin da dalilinsa, sannan ya koma ya amsa hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya. Ko a kan samuwar Allah haka ya yi. Hujja biyu ya fara kawowa a kan cewa babu Allah: ta farko, in da akwai Allah mai alheri marar iyaka da ba a ga mugunta a duniya ba, ta biyu, ana iya bayanin komai ta hanyar ɗabi'ar halitta da nufin ɗan Adam, don haka ba a buƙatar a sa Allah a lissafi. Mutumin nan ya rasu a 1274. Har yau lakcaran da ya ba Istifanus tsoro bai wuce waɗannan hujjoji biyu ba.

Ba shi kaɗai ya ƙirƙiro wannan salo ba, haka ake koyarwa a jami'o'in Turai na wancan zamani, irin su Faris. Ana ware ranakun jayayya a bainar jama'a. Akwai ma irin zaman da ake yi sau biyu a shekara, kafin Kirsimeti da kafin Ista, inda kowa ke da damar jefa wa malami tambayar da ya ga dama a kan kowane abu. Ɗalibin da aka horar a haka ya saba da jin hujjar da ta fi ƙarfinsa ba tare da ya ruɗe ba. Wannan shi ne abin da masu irin wannan tallafi suke cewa suna son dawowa da shi.

Bitrus: Fada, ranka ya daɗe, amma ai kullum shi ke cin nasara a littafinsa. Shi ya kawo ƙara, shi ya yanke hukunci.

Fada Yakubu: A littafinsa, i. A waje kuwa bai sha da daɗi ba. A 1277, shekara 3 bayan rasuwarsa, Bishop na Faris, Etienne Tempier, ya haramta koyar da ra'ayoyi 219, kuma wasu daga ciki sun taɓa abin da Toma ya koyar. A 1323 aka ayyana shi waliyyi. Kafin nan ma, a 1210 an hana karantar da littattafan ilimin halitta na Aristotal, masanin falsafar Girka, a Faris, amma zuwa 1255 sun shiga manhaja, dole ɗalibi ya karanta su. Ka ga ke nan turken da kake magana ba a wuri ɗaya ya tsaya ba, kuma waɗanda suke ciki ne suka matsar da shi.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da baƙo a maganar gida, amma tunda makaranta ɗaya muka yi, kuma ni ma malamin makaranta ne, bari in sa baki. Abin da Fada bai faɗa ba shi ne ta hannun wa Aristotal ya isa wurin Toma. Sharhin Ibn Rushd na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, an fassara shi zuwa Latin, kuma malaman Turai suna girmama shi har ba sa kiran sunansa, sai dai su ce Mai Sharhi. Toma ya ambaci Ibn Sina sau da yawa, ya ɗauki wasu abubuwa daga gare shi, ya kuma yi wa Ibn Rushd raddi mai zafi a kan mas'alar hankali. Ya ambaci Musa bin Maimun, malamin Yahudawa. To ni abin da nake so in ji daga Dauda shi ne, waɗannan yara na Amurka ana nuna musu wannan? Domin idan an ce musu gadon nan daga Atina ya tashi ya sauka Roma kai tsaye, an tauye musu tarihi.

Dauda: Wa alaikumus salam Malam. Wanda duk ya karanta Toma da gaske zai ci karo da sunayen nan, don suna cikin rubutun, ba a iya tsallake su. Amma gaskiya hankalin yawancin irin waɗannan cibiyoyi ya fi karkata ga Turai da Amurka, ga rigingimun da suka dame su a can.

Fada Yakubu: Malam Sani, Allah ya ƙara sani. Ka ƙara da cewa Agustin ɗan Afirka ne. A 354 aka haife shi a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, kuma a Hippo ya yi bishop, wato Annaba ta yanzu. Yaranmu suna jin sunansa suna zaton Bature ne daga Roma.

Bitrus: To mu bar ƙarni na 13, mu zo kusa. Galileo fa, da Ikilisiya ta hukunta a 1633 don ya ce duniya ce ke zagaya rana? Sai a 1992 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya fito ya amince an yi kuskure a shari'arsa. Hans Küng fa? A 1979 aka janye masa izinin koyar da tauhidin Katolika a Tübingen ta Jamus, saboda ya tuhumi koyarwar rashin kuskuren Fafaroma. Wannan shi ne abin da ke faruwa da mai binciken da ya wuce gona da iri.

Rifkatu: Bari in amsa wannan, don kimiyya nake koyarwa kuma kullum Galileo ake jefo mini. Abin da aka yi masa ba daidai ba ne, ba na kare shi. Amma duk wanda ya ambaci Galileo ya yi shiru a kan Mendel da Lemaître bai yi adalci ba. Gregor Mendel ɗan zuhudu ne na ƙungiyar Agustin a garin Brno. A lambun gidan zuhudunsu ya yi shekaru yana haɗa irin waken Turawa, wato peas, yana ƙirga 'ya'yan da suka fito, ya wallafa sakamakon a 1866, kuma a kansa ilimin gadon halitta ya ginu. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, shugaban gidan ne ya tura shi Jami'ar Biyana ya karanta kimiyya da lissafi, gidan ya ɗauki nauyinsa, aka ba shi fili da lokaci. Ɗan manomi ne talaka, da ba don haka ba da ba mu san shi ba. Georges Lemaître kuma fada ne ɗan Beljiyam, shi ya fitar da lissafin cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, a 1927. Da Fafaroma Pius na 12 ya so ya ɗauki wannan ya mai da shi hujjar halitta a wani jawabi a 1951, Lemaître bai ji daɗi ba, don ya ƙi a cakuɗa lissafin kimiyya da tauhidi. Fada ne ya ja wa Fafaroma birki don kare kimiyya.

Bitrus: Küng fa? Kin tsallake shi.

Rifkatu: Ban tsallake ba, na bar wa Fada.

Fada Yakubu: An janye masa izinin koyarwa da sunan Ikilisiya. Ya ci gaba da zama fada, ya ci gaba da zama farfesa a jami'ar, ya ci gaba da rubutu har ya tsufa. Kana iya cewa hukuncin ya yi tsauri, masana da yawa sun faɗi haka a lokacin. Amma ka lura da bambanci: wanda ke tsaye a gaban aji yana cewa ga abin da Ikilisiya ta koyar, akwai amana a wuyansa. Ɗalibi ɗan shekara 19 da ke tambaya babu wannan amana a kansa, aikinsa ke nan ya tambaya. Ban musanta cewa akwai iyaka ba, Bitrus. Akwai. Su kansu jami'o'in Katolika na Amurka sun daɗe suna ja-in-ja a kan inda take. A 1967 wasu shugabanninsu, ƙarƙashin jagorancin Fada Theodore Hesburgh na Notre Dame, suka fitar da sanarwar Land O'Lakes, suka ce dole jami'ar Katolika ta kasance da 'yancin kanta daga kowace hukuma ta waje, ko ta coci ce. A 1990 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar da takardar Ex Corde Ecclesiae kan jami'o'in Katolika, ya yarda da 'yancin bincike amma ya ce jami'ar ta riƙe kamanninta na Katolika, masu koyar da tauhidi kuma su samu izini daga hukumar coci. Cibiyoyin da Dauda ke magana bayan wannan suka fara fitowa: Lumen Christi a Chicago a 1997, ta Notre Dame a 1999, Thomistic Institute ta 'yan zuhudun Dominikan a Washinton a 2009.

Dauda: Fada ya kawo mu inda ni nake da tawa damuwar, kuma a nan na ɗan goyi bayan Bitrus. Ba Roma nake tsoro ba, kuɗi nake tsoro. Waɗannan cibiyoyi da gudummawar attajirai suke tafiya. Ita ta Notre Dame a 2019 ta koma amsa sunan de Nicola, bayan iyalin sun ba da dala miliyan 10. Ba laifi ba ne, haka jami'o'in Amurka suke. Amma Katolikan Amurka a rabe suke gida biyu kamar yadda siyasarsu take. Ku tuna hayaniyar da aka yi a 2009 da jami'ar ta gayyaci Obama bikin yaye ɗalibai ta ba shi digirin girmamawa, bishop-bishop da dama suka yi tir saboda matsayinsa kan zubar da ciki. A irin wannan yanayi, wata cibiya za ta fi ba da ƙarfi kan kare ran ɗan tayi da aure, wata kan talakawa da baƙin haure da muhalli. Duka koyarwar Ikilisiya ce, tun daga wasiƙar Fafaroma Leo na 13 kan haƙƙin ma'aikata a 1891 har zuwa ta Fafaroma Francis kan muhalli a 2015. Amma yaro zai iya shekara huɗu yana jin rabi, ya fita yana zaton ya ji duka.

Bitrus: Yauwa! Abin da nake faɗa ke nan.

Dauda: A'a, ba shi kake faɗa ba. Kai ka ce ba a bincike a cikin addini. Ni na ce ana yi, amma a duba wa ke zaɓen littattafan.

Malam Sani: Bitrus, ka bar ni in tambaye ka. Kai injiniya ne. Ranar da ka shiga aji ɗaya, ka ce sai ka tabbatar da dokokin Newton da kanka kafin ka yarda? Ka karɓa ne daga malami, ka yi aiki da su shekaru, sannan ka kai matsayin da za ka gane inda suka gaza. Mu ma a zaure haka ne, ba a ba yaro damar jayayya da Mukhtasar alhali bai sauke Ahalari ba. Wanda bai tsaya a ko'ina ba, da me zai auna abin da ya ji?

Fada Yakubu: Malam, abin da ka faɗa shi ne kusan duk abin da masanin falsafa Alasdair MacIntyre ya shafe rayuwarsa yana karewa, cewa babu mai tunani daga sarari, kowa daga cikin wata al'adar tunani yake yi, kuma ana gane ƙarfin al'ada ne ta yadda take fuskantar tambayoyin da suka gagare ta. Ya fara da Markisanci, ya shiga Katolika daga baya, kuma ya daɗe yana tare da wannan cibiya ta Notre Dame.

Bitrus: Newton idan ya yi kuskure gada ce za ta faɗi, kowa ya gani. A tauhidi me zai faɗi mu gani? Ban gamsu ba, amma na ji.

Mama Ladi: Ni duk sunayen nan da kuke kira ban san su ba, 'ya'yana. Abin da na ji shi ne maganar Istifanus, cewa an zagi bangaskiyarsa a aji ya rasa bakin amsa. Mu a Zumuntar Mata mun sayi kujeru, mun sayi tukwanen biki, mun yi wa Fada labule. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mana a sayi littafi. In abincin dare ne da malami, shinkafar mutum goma ba za ta gagare mu ba.

Rifkatu: Mama kin gama magana. Kuma ba masana muka rasa ba. Ga babbar seminari ta Waliyyi Agustin a Jos, ga ta Good Shepherd a Kaduna, ga 'yan Dominikan a Ibadan, ga Jami'ar Veritas a Bwari da bishop-bishop ɗinmu suka kafa. Kowane fada sai da ya yi shekaru yana karatun falsafa kafin ya shiga tauhidi. Matsalar ita ce ilimin yana tsayawa a seminari. Yaron da ke karanta likitanci a Zariya ko lauya a Jos ba ya samun komai daga ciki, alhali shi ne gobe zai tsaya a kan marar lafiya ko a gaban alƙali.

Istifanus: Anti Rifkatu, idan za a yi, ina roƙon abu biyu. Kada ya zama wa'azi, mun ƙoshi da wa'azi. Kuma kada a ce sai 'yan kwaya da masu hidimar bagade. Akwai abokina da ya daina zuwa coci tun aji ɗaya, ya fi mu duka karatu, irinsa nake so a zauna da su.

Fada Yakubu: Ka kawo shi. Amma in faɗa muku gaskiya, ba kowane fada ne zai iya wannan ba. Mun saba mu yi magana a ce amin. Zama da yaro ya ce maka Fada wannan hujja taka ba ta yi ba, sai wanda ya danne zuciyarsa. Shi ya sa na fi so a ce malaman jami'a irin su Rifkatu ne a gaba, mu mu zo a matsayin baƙi. Kuma mutum goma zuwa sha biyu sun isa, in suka fi haka ya zama lacca.

Bitrus: Wa zai zaɓi abin da za a karanta? Tambayar Dauda ce, ba tawa ba.

Rifkatu: Kai da Malam Sani za ku kawo rabi, Fada ya kawo rabi.

Malam Sani: Na karɓa, in dai za a yarda in zo da Ibn Rushd. Yana da ɗan ƙaramin littafi a kan ko shari'a ta halatta karatun falsafa, bai fi a karanta shi a zama biyu ba. A haɗa shi da tambayar farko ta Summa, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Bitrus: Ni kuma zan kawo wanda bai yarda da ku duka ba. David Hume, babinsa a kan mu'ujiza. Kada kuma a zo ranar a ce lokaci ya ƙure.

Fada Yakubu: Shi za a fara da shi.

Dauda: Kuɗin kwafin takardu na zango ɗaya a kaina. Amma ban da zaɓen ko shafi ɗaya, kun ji abin da na faɗa kan masu ba da kuɗi.

Istifanus: To sai dai bayan jarrabawa, don mako mai zuwa muke farawa. Kuma a duba maganar wuri, ɗakin taron cocinmu 'yan kwaya ne a ciki kullum da yamma.

Mama Ladi: Rifkatu, ki kira ni gobe bayan Mas ɗin safe mu yi lissafin shinkafa. Malam Sani, ka kwantar da hankalinka, naman daga mahauta za a saya.